Rarrafe a Ɗakin Tela

"Durƙusa," ta ce.

Na dube ta, na dubi Yayata da ke zaune a bakin ƙofa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai durƙuson neman aure a gaban iyaye ake yinsa."

"Ba wannan ba, Tela. Gwiwa biyu, hannu biyu. Rarrafe za ka yi."

Yaya ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

Bari dai in faɗi abin da ya kai gardi kamata ga rarrafe da rana tsaka.

Ni tela ne. Ɗaki biyu gare ni, na gaba shago, na ciki makwanci, labule ne kawai ya raba su. Wadda nake so kuwa mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya da ba ta daɗe da tashi tsaye ba. Yarinyar ba ta taɓa koyon tafiya ba, daga rarrafe sai gudu, shi ya sa kowa ke ce mata Guguwa, uwar kuma Maman Guguwa.

Mun daidaita kanmu, mahaifinta ya amince. Saura mutum ɗaya, Kaka, uwar marigayi.

Kaka ba ta ce kada a yi aure ba. Abin da ta ce shi ne, in Maman Guguwa ta auri Mai Kanti, ɗan ƙanwar ita Kaka da ke sayar da kayan gini, to yarinya ta bi uwarta, duk gida ɗaya ne. In kuwa tela ta zaɓa, ta tafi ita kaɗai ta bar mata jikarta.

"Ba zan kai jinin ɗana inda allura ke kwana a ƙasa ba," in ji ta.

Ranar da Maman Guguwa ta faɗa mini wannan magana, a zauren gidansu muke. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin hawayen su zubo.

"Tela, ina sonka, Allah ya sani. Amma in aka ce in zaɓa tsakaninka da yarinyar nan, don Allah kada ka sa in faɗi amsar da bakina."

"Ba zan sa ki ba."

"Tun rasuwar babanta ba ta taɓa yin barci ba tare da ta riƙe mini yatsa ba. In ta farka ta laluba ba ta ji ni ba fa?"

"Ki daina kuka. Ni ma ba ke kaɗai nake nema ba, ku biyu nake nema."

"Baki ne wannan. Kaka ba ta jin baki, ido take ji."

"To a kawo idon."

Haka na faɗa, ban ma san ta ina maganar ta fito ba. Mahaifinta ya je ya yi ta lallashin tsohuwa, har ta yarda za ta zo ta ga ɗakin da kanta. Sharaɗinta ɗaya: za ta saki yarinyar a ciki ta zuba ido. In ta ga allura ko da guda, magana ta ƙare.

Ni kuwa da na ji haka, wani irin daɗi ya kama ni, kai ka ce an ɗaura ne. Na share ɗaki, na goge, na fesa turare. Na aika Yaya ta rako Maman Guguwa ta zo ta yaba.

Shi ne ta shigo, ta tsaya tsakiyar shago, ta ce in durƙusa.

"Kai daga sama kake ganin ɗakin nan," ta ce. "Guguwa daga ƙasa take ganinsa. Sauka inda take ka gaya mini abin da ka gani."

Na naɗe wando na sauka.

Wallahi kamar ɗakin wani aka kai ni. Ga soket daidai hancina, baki buɗe yana jiran ɗan yatsa. Ga wayar dutsen guga tana lilo daga tebur, ja ɗaya dutsen ya faɗo a ka. Ƙarƙashin keken ɗinki tsohuwar reza ta kwanta a jikin bango, maɓallai sun warwatsu, jajaye da shuɗaye, kowanne ya yi kama da alewa. Can lungu ga kwalbar lemo.

"Mene ne a ciki?" ta tambaya.

"Man keke."

"Ita ta san da haka?"

Na ture kwalbar gefe.

"Ci gaba, Auta," in ji Yaya. "Ashe ka fi iya rarrafe a kan ɗinki."

Na rarrafa zuwa bayan ƙofa na ci karo da bokitin ruwa, cike, ba murfi. Na leƙa ciki na ga fuskata. Nan na tuna Guguwa kanta ya fi gangar jikinta nauyi.

Na tashi na kaɗe gwiwa. "Gobe zan sayo kabad mai makulli, da sabuwar leda, da…"

"Ba za ka sayi komai ba."

"Ranki ya daɗe, Mai Kanti fa gidansa tayil ne har bango."

"To ka ga na je can na sa shi rarrafe?"

Maganar nan ta shige ni har tafin ƙafa. Na yi ta murmushi kamar wawa, sai da Yaya ta jefe ni da ƙyalle.

Maman Guguwa ta nuna tsohuwar rediyona da ta daɗe da mutuwa a kan taga. Ta ce in kwance bayanta. A jikin sifikar akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi, mayen ƙarfe. Ta sa na ɗaure shi da igiya, na ja shi a ƙasa kamar mai yawo da akuya.

Ƙit. Ƙit. Ƙit-ƙit.

Ɗakin da na share da hannuna fa. Kafin in kai bango, ƙarfen ya yi gashi da allurai da fil-fil, daga tsagar siminti, daga bakin tabarma, daga ƙarƙashin ƙafar keke.

"Safe da yamma," ta ce. "Kafin tsintsiya, da bayan tsintsiya."

Daga nan aiki ya kankama. Gwangwanayen madara da Yaya ke zubarwa muka wanke, maɓallai a ɗaya, fil a ɗaya, reza a ɗaya, kowanne da murfinsa, muka jera su a kanta can sama. Guntayen yadin da nake tarawa a buhu na rasa yadda zan yi da su, ta ce in haɗa su in ɗinka wani babban ƙyalle mai aljihuna in kafa a bango, sama da kafaɗata. Almakashi ya sami aljihunsa, tef ya sami nasa, alli ya sami nasa.

"Duk abin da ka ɗauka, ka mayar da shi ɗakinsa kafin ka ɗauki wani," ta ce. "In ba shi da ɗaki, bakin Guguwa ne ɗakinsa."

Kusurwoyin tebur na yi musu 'yan huluna da soso a ciki. Fedar keke na yi mata maɗauri, in na tashi in ɗaure, don kada Guguwa ta taka, igiyar ta ci mata yatsa. Man keke ya koma gwangwaninsa, kwalbar lemo ta tafi bola. Bokiti ya koma waje, in ba ruwa a kife shi, in da ruwa a rufe a ɗora dutse. Soket na ƙasa na kira mai gyaran wuta ya toshe shi ya mayar sama. Wani tsohon katakon da nake yanka a kai, maƙwabcina kafinta ya mayar mini da shi rabin ƙofa tsakanin shago da ɗaki, ya sa sakata ta wajen shago.

Ni da ban taɓa sanin inda almakashina yake ba sai na ɗaga kaya, sai ga shi ina miƙa hannu ido rufe ina ɗaukowa. Har waƙa nake yi a kan keke.

"Ɗaki dai ya gyaru," Yaya ta ce wata rana. "Saura mai ɗakin. Dubi rigunanka, duk ƙirjinsu huji ne. Tun kana koyon ɗinki a nan kake soke allura."

"Na daina," na ce.

Kuma har zuciyata na ɗauka na daina.

Ana gobe Kaka za ta zo, sai ga Mai Kanti a ƙofar shago da wando a hannu, wai a rage masa tsawo. Mutum ne mai jiki, mai ƙamshi, ba ya ɗaga murya.

"Tela, na ji an ce ka koma rarrafe. In ka fara tafiya a gaya mana mu zo barka."

"Za a gaya muku, ranka ya daɗe."

Ya zagaya da ido, ya dubi gwangwanayen, ya dubi hulunan tebur. Ya taɓa sakatar rabin ƙofar ya girgiza ta.

"Ba gaba nake yi da kai ba," ya ce. "Yarinyar nan 'yar ɗan'uwana ce. A gidana ɗakinta daban, filin wasanta daban. Kai ɗaki biyu, rabi sana'a. In kana son uwar da gaske, ka bar ta ta huta."

Ba ƙarya ya yi ba. Sai na ce, "In ta ce in bari, zan bari."

"Ba za ta ce ba. Shi ya sa na zo wurinka."

Ya ajiye wandon ya fita. Na daɗe zaune ban taka feda ba. Can na tashi na ɗauki mayen ƙarfena na sake zagaya ɗakin. Bai kama komai ba. Sai na ji ƙarfina ya dawo.

Washegari na yi wanka na sa farar rigata. Na ja ƙarfe, na yi shara, na sake jan ƙarfe. Na yi rarrafe daga ƙofa har gado. Yaya ta zo ta dafa shayi. Ni kuwa na kasa zama, na kasa tsayuwa.

Ana cikin haka kafinta ya faɗo a guje, riga a hannu. Maɓallin wuya ya tsinke, ga shi ana jiransa wurin wani babban aiki.

"Yau ba na ɗinki," na ce.

"Haba maƙwabci. Wa ya yi maka rabin ƙofa?"

Na sauko da gwangwani, na zaro allura ɗaya, na zura jan zare. A bakin titi na tsaya na ɗinka masa, don kada ma in shiga da ita ciki. Ina cizon zaren ke nan na ji hon ɗin mota a kan kwana. Na cilla masa rigarsa, na ruga na mayar da gwangwani sama, na dawo na tsaya a ƙofa ina haki.

Mai Kanti ne ya tuƙo su. Kaka ta fito da sandarta, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin ido. Maman Guguwa na biye, goye da yarinyar tana barci.

Na durƙusa daga nesa. "Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya. Matsa in wuce."

Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Ta ƙi kujera, ta ƙi shayi. Ta sa sanda ta ɗaga tabarma. Ta cire takalmi ta bi siminti da tafin ƙafa, a hankali, lungu-lungu. Ta sa Mai Kanti ya haska mata ƙarƙashin gado da fitilar waya. Ta buɗe murfin tulu ta rufe. Ta tsaya gaban ƙyallen aljihunan nan ta daɗe.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Amma dabarar ba tawa ba ce."

"Na san dabarar wace ce. Ni na koya mata rabi." Ta zauna a bakin gado. "Sauke ta."

Guguwa ta buɗe ido, ta ga sabon wuri, ta tashi da aiki.

Ta nufi inda soket yake a da, ta kaɗa yatsa a bango, ba rami. Ta ruga ta yi karo da kusurwar tebur, hular ta karɓe ta, ta yi dariya ta sake yi da gangan. Ta kama rabin ƙofa ta jijjiga, sakata ta riƙe. Kaka ta ce a buɗe mata. Ta faɗa shago, ta hau feda da ƙafa biyu tana tsalle, feda ko motsi. Ta kwanta ta leƙa ƙarƙashin keke, ta zura hannu, ta fito da shi wayam. Ta ɗaga kai ta hango gwangwanaye, ta yi miƙa, ta yi ɗage, ta haƙura.

Ni ina tsaye jikin bango, kowane wuri ta wuce lafiya sai in ji kamar in yi ihu. Na saci kallon Maman Guguwa. Ta toshe baki da mayafi, idanunta na rawa.

Sai yarinyar ta juyo ta gan ni.

"Teya!"

Haka take kirana. Ta ware hannuwa ta taho da gudun nan nata. Na tsuguna na ware nawa. A nan idona ya sauka kan ƙirjina.

Jan zare na reto a kan farar riga.

Babu lokacin zarewa. Babu lokacin kaucewa, in na kauce bango za ta daka. Na kifa tafin hannun dama a kai, na tare ta da na hagu. Ta faɗo mini da dukkan ƙarfinta, fuskarta ta daki bayan hannuna, daidai wurin.

Na ji allurar ta shige tafina har ta tsaya.

Ban yi ƙara ba. Na ɗaga yarinyar da hannu ɗaya, ta ja mini gemu, ta ja mini kunne, na yi mata dariya gumi na tsattsafo mini. Da ta gaji ta zame ta koma wurin hular tebur.

Kaka ta dogara sanda ta miƙe.

"To," ta ce. "Na duba. Ƙasa ba komai."

Maman Guguwa ta zube a gabanta tana kuka tana godiya. Yaya ta ɗaga hannu sama. Mai Kanti ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

Ni kuwa hannuna na nan a ƙirji.

"Kai kuma ladabin ya isa haka," in ji Kaka. "Sauke hannun."

Aljihun wandona na nan kusa. In na dunƙule na zura, shi ke nan, an gama, Maman Guguwa tawa ce. Na dubi yarinyar. A kuncinta, ƙasan ido kaɗan, akwai ɗan ja inda ta daki ƙashin hannuna.

Na ce, "Hajiya, akwai guda ɗaya."

Na buɗe tafin.

Allurar na tsaye a tsakiyar hannuna da zarenta, jini na bin layin tafi, ya riga ya ɓata farar rigar.

"Tela," Maman Guguwa ta ce. "Tela, me ka yi mana?"

"Maɓalli na ɗinka wa maƙwabci. Hannuna ne ya mayar da ita inda ya saba. Ki yafe mini."

"Duk wahalar nan. Duk rarrafen nan." Ta rungumo 'yarta ta ƙanƙame, tana kuka ba sauti. "Na gaya maka kada ka sa in zaɓa."

"Inna," in ji Mai Kanti a hankali, "kin dai gani da idonki."

"Na gani. Ban makance ba." Kaka ta koma ta zauna. "Zo nan, kai."

Na matsa da gwiwa. Ta kama wuyan hannuna, yatsunta busassu masu ƙarfi. Ta fizge allurar lokaci ɗaya, ta ce wa Yaya ta kawo ruwa da sabulu. Ita da kanta ta wanke, ta miƙa hannu buhun guntaye ta zaɓi farin ƙyalle mai tsabta ta ɗaure.

"Na ga lokacin da ka dafe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ga fuskarka. Jira nake in ga ko aljihu za ka kai hannun. Da ka kai, da yau da jikata zan kwana."

Ta saki hannuna, ta dubi yarinyar.

"Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, ya karɓi abinsa. Wannan ce ta rage mini. In ta yi tari a gidan uwarta, ni a gidana nake farkawa." Hawaye ya bi tamojin fuskarta, ba ta share ba. "Na ce in na ga allura magana ta ƙare. Ga allura na gani. Amma na ga inda ta shiga, na kuma ga inda za ta shiga."

Ta juya allurar a yatsunta, ta miƙa wa Yaya. "Sa ta a gwangwaninta."

Sannan ta nuna ni da sanda.

"Riga biyu za ka yi. Ta aiki tana da ƙusarta a shago, ba ta tsallaka rabin ƙofar nan. Ka ɗinka ɗan matashi ka ɗaura a hannu, can allura za ta riƙa kwana. Kuma zan riƙa zuwa ba sallama daga nesa, sai dai ka gan ni."

"Hajiya, ko kullum ne."

"Kada ka roƙi abin da ya fi ƙarfinka."

Maman Guguwa ta ɗago, fuska jiƙe. "Mama, kina nufin…"

"Ke kuma share hancinki, kin tsorata yarinya."

Mai Kanti ya yi ajiyar zuciya. Ya je bakin ƙofa ya tsaya, ya sake girgiza sakatar nan.

"Wannan ba za ta daɗe a hannun Guguwa ba," ya ce. "Zan aiko da mai kyau. Don ita, ba don kai ba. Wandona kuma kada a rage shi da hannu ɗaya."

Ya fita ya jira a mota.

Ni dai ina durƙushe, dariya na zuwa, kuka na zuwa, na rasa wanda zan fara.

"Tashi," Kaka ta ce. "Ɗauko tef ka auna ni. Ba zan je auren uwar jikata da tsohon kaya ba."

Na zabura na zaro tef daga aljihunsa na bango. Zan tsallaka rabin ƙofa ke nan Maman Guguwa ta tare hanya. Idanunta sun yi ja, amma bakinta na ɓoye murmushi. Mayen ƙarfe na lilo a hannunta.

"Tsaya nan. Ɗaga hannuwa."

Na ɗaga. Ta bi ni da shi ta igiya, daga hula zuwa kafaɗa, daga ƙirji zuwa bakin wando. Ta ce in juya, na juya. Guguwa na tafi tana tsalle, ta ɗauka wasa ne.

Ƙarfen bai yi ƙit ba.

Ta zare sakata, ta matsa gefe.

"Daga yau haka za a riƙa shigo da kai," ta ce. "Shigo gida, Tela."